Firigon da Ya Cije Ni a Gaban Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba da bazarar da Rabi ta tafi wankan jego, kuma ko na so in manta, mutanen Alela ba za su bar ni ba. Har yau in na kafe moto, wato babur ɗina, a ƙofar gidan surukaina, kafin a tambaye ni gajiya sai wani ya tambaye ni lafiyar firigo, wato firiji.

Bari in faro daga tushe. Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Birnin Konni, kowa Mushe yake ce mini, irin lakabin malamai na Faransanci, har surukina. Matata Rabi 'yar Alela ce. Da cikinta na fari ya tsufa aka zo aka tafi da ita gida goyon ciki, kamar yadda aka saba, aka bar ni ni kaɗai da ɗaki da falo. Wanda aka bari shi kaɗai da albashi a aljihu kuwa, shaiɗan ba ya shan wahala a kansa.

Wata ranar kasuwa, can wajen bakin iyaka, na ga mutane sun kewaye wani ɗan kasuwa mai akwatin gilashi cike da ruwa. A ciki akwai kifi ɗaya, ja kamar manja, tsawonsa ya kai takalmina, ga wani tozo a goshi irin na bijimi. Duk wanda ya kai yatsa jikin gilashin sai kifin ya taso ya kai masa karo. Mai kayan ya ce ɗan uwan karfasa ne, amma daga ƙasar waje aka kawo irinsa.

"Wanga ba na miya ba na, Mushe, na kallo na," in ji shi. "In ka samu mace sunka hayayyahwa, manyan Alhazai za su bi ka har gida."

Ban san abin da ya shiga kaina ba. Na dai san da yamma akwatin yana falona a kan teburin ƙarfe, da ɗan injin da ke busa wa ruwan iska yana ta gurnani, ni kuma ina zaune a ƙasa ina murmushi ni kaɗai. Na sa wa kifin suna Kumandan, don ban taɓa ganin halitta mai son mulki irinsa ba. Dutse in na ajiye gabas, kafin safe ya mai da shi yamma. Ciyawar roba da na dasa masa ya tumɓuke ta sau uku, na haƙura. Abincinsa fara da tana, kuma ni da digirina nake tsugunawa bayan gida ina tonon tana, maƙwabta suna leƙe ta kan katanga. ('Yan fadarmu ta shayi sun ce in dai haka kaɗaici yake, su ba za su bari a kai matansu gida ba.)

Sai maganar aure. Macen farko da na kawo masa ba ta kwana biyu ba, ya kore ta ya ciccije ta har ta ce ga garinku nan. Na yi jimami, na binne ta a gindin dogon yaro, na sake komawa wurin ɗan kasuwar. Ta biyu, wadda na sa wa suna Madam, na raba su da raga a tsakiya, suna kallon juna ba taɓawa, har na ga fushin ango ya sauka. Ranar da na cire ragar suka kama bakin juna suna ja, na ɗauka dambe ne, ashe a wurinsu zance ne. Daga nan suka shiga haƙa rami a cikin tsakuwa, suna neman wuri mai santsi da za ta zuba ƙwai.

Na duba a waya, masana suka ce a sa musu dutse mai faɗi ko faranti. Dutse mai faɗi ban samu ba. Faranti kuwa, ga kabet ɗin jeren Rabi cike da su.

A nan ne hankalina ya tafi hutu. Duk farantan robar da ke gidan ban ga wanda ya dace da Madam ba sai na tsakiyar jere, farantin tangaran mai bakin zinariya da furanni shuɗɗa. Na tsohuwar surukina ne, kakar Rabi, Allah ya ji ƙanta. Ba a cin abinci a cikinsa, ba a ko taɓa shi sai ranar goge ƙura. Na ce wa kaina aro ne kawai, kafin Rabi ta dawo na wanke na mayar. Na nutsa shi a gindin akwatin, Kumandan ya zagaya shi sau biyu ya fara gogewa da baki.

Ana cikin haka Rabi ta sauka lafiya, aka sami 'ya mace. Na je suna, aka sa mata sunan tsohuwar nan mai faranti, muna kiranta Ummi. Da yamma na hau moto na dawo Konni da gudu, don a bazara wutar lantarki ba ta da alkawari, in ta ɗauke sai an mai da injin iskar kan batir, in ba haka ba kifi ya galabaita. Tun daga ranar ban sake taka Alela ba. Asabar ta zo in ce gyaran takardun yara, wata Asabar in ce moto ba lafiya.

"Yaushe za ka taho ka ga ɗiyakka?" Rabi ta tambaye ni a waya. "Ta hwara buɗe ido tana kallon mutane."

Na ce mata aiki ne ya yi yawa. A lokacin ina riƙe da fara a bakin akwati.

To ga inda gizo ke saƙa. Surukina, wanda nake kira Baba, mutum ne mai riƙe 'ya'yansa. Yayar Rabi da ta je wanka, mijinta ya yi wani ɗan sakaci, Baba bai sallame ta ba sai da yaron ya fara rarrafe. Ƙa'idarsa ita ce in arba'in ta kusa, ƙanwarsa Gwaggo Hajo za ta zo ta duba ɗakin mai jego, ta share, ta gyara jere, ta koma ta ba da labari. In labarin ya yi daɗi a kawo maka matarka, in bai yi ba ka ci gaba da cin garau-garau a bakin titi. Ni kuwa duk haukan kifin nan, Allah ya sani na ƙosa Rabi ta dawo. Gidan ya yi mini faɗi, na gaji da jin muryata ni kaɗai.

Na lissafa cewa Gwaggo sai wani mako. A safiyar wata ranar kasuwa na tashi na tarar Madam ta shimfiɗa ƙwai a kan farantin, jere-jere kamar an barbaɗa gero. Ita tana bisansu tana fifita da fukafukai, Kumandan yana sintiri, tozonsa ya ƙara kumbura. Na cire murfin akwatin don in gani da kyau, na kwanta rub da ciki a tsakar falo daga ni sai singileti da gajeren wando, ina ta lissafin Alhazan da za su bi ni har gida. Da na dawo daga lakwal da azahar ma haka na sake kwantawa.

Sai na ji sallama. Muryar Gwaggo Hajo ce. A bayanta kuma aka yi gyaran murya, irin wadda mutum ɗaya ne a duniya yake yin ta.

Baba bai taɓa zuwa gidana ba tun da aka kawo Rabi. Ashe ya kawo wake kasuwa, Gwaggo ta biyo shi a amalanke, suka ce bari su yi jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Na zura riga a baibai, na ja wando. Na dubi akwatin, na dubi farantin tsohuwa yana ƙyalli a ƙarƙashin ruwa. In sa hannu in ciro shi, Kumandan yana kan aiki, ba mai shiga. In ɗauke akwatin, ƙarti huɗu ne suka shigo da shi. Na faɗa ɗaki na fizgo zanen gadon Rabi na lulluɓe shi ruf har ƙasa. Murfin kuwa na manta shi a jingine bayan ƙofa.

Na shimfiɗa wa Baba darduma, don ba ya zama a kujera. Na koma can bakin ƙofa na durƙusa, kai a ƙasa, muka yi gaisuwa mai tsawo: gida, gona, zafi, mai jego, jinjira. Duk amsar da nake bayarwa kunnena yana kan abin da ke bayan Baba, yana ta gurnani a ƙarƙashin zane. Sai kuma aka ji ƙum! Kumandan ya kai wa gilashi karo.

Baba ya waiwaya. "Mushe, wanga hwa mine ne?"

Jama'a, akwai amsoshi da yawa a duniya. Da na ce kayan lakwal ne, da an wuce wurin. Da na ce ajiyar wani ce, ba mai sake tambaya. Amma bakina ya riga kaina.

"Firigo na, Baba."

Fuskar Baba ta saki, abin da ban taɓa gani ba. "Madalla! Hajo, kin jiya? Ya yi ma iyali tanadi. Mai jego da zahin ga, ai sai da ruwa masu sanyi. Allah shi yi maka albarka, Mushe."

Gwaggo ta rangaɗa 'yar guɗa. Ni kuma na ce amin, har da shafawa. (Wallahi a wannan daƙiƙar na ji daɗin albarkar, kamar da gaske na sayi firigon.)

Baba ya cire hula ya share gumi. Mutumin da ko a ranar ɗaurin aure bai sha ruwa a gabana ba, ya dube ni ya ce, "Yau dai zahi ya kashe kunya. Ɗebo mini in jiƙa maƙoshi."

Na ce ai ban daɗe da kunna shi ba, ba su yi sanyi ba tukuna.

"Ko yaya suke sun hi na randa," in ji Baba.

Na ce bari in ruga kanti in sayo masu ƙanƙara.

"Ga firigo cikin ɗaki ka tai kanti?" Gwaggo ta miƙe tana gyara mayafi. "Zamna, ɗana, ni in ɗebo. Dama ina son in ga cikinai."

Ban san lokacin da na tsallake falon ba. Na riga ta, na ɗauki moɗa, na tsaya tsakaninta da akwatin. Dabarata ita ce in zura hannu ta ƙarƙashin zanen daga sama, kamar mai buɗe firigon kwance, in ɗan lalluba, in ce kash, ashe ban sa ruwa ba. Dabara ce mai kyau, da a ce akwai murfi. Hannuna ya wuce zuruf cikin ruwa har gwiwa, daidai saman farantin.

Kumandan ya kama ni a fatar da ke tsakanin babban yatsa da manuni. Wanda bai taɓa shan cizon kifi mai gadin ƙwai ba, cewa zai yi ai kifi ne kawai. Ji na yi kamar an danna mini filaya ana murɗawa. Madam ma ta zo ta kama wuyan hannu, don a gidansu ba a bar wa miji aiki shi kaɗai. Ga suruki a zaune, ba a ihu a gaban suruki. Na cije leɓe, na ƙura wa bango ido, hawaye suna bin kumatuna.

"Lahiya, Mushe?" in ji Baba.

"Sanyi na, Baba," na ce da wata siririyar murya. "Ashe ya yi sanyi."

"Ka gani ko," in ji Gwaggo. "Sabon abu ba wasa ba."

Sai Kumandan ya saki, ya ja da baya, ya sake dawowa wurin da ya riga ya fasa. A nan kunya ta ƙare. Na kurma ihu, "Wayyo Inna!" na fizge hannu da iyakar ƙarfina. Zanen ya biyo ni, moɗa ta yi sama, Kumandan da ya biyo hannun ya sarƙe a cikin zanen, zanen kuma ya wurga shi. Ina gani da idona jan kifi mai tozo ya ratsa falona a iska, ya sauka tim a cinyar surukina, a kan farar babbar rigarsa ta zuwa kasuwa.

Gwaggo Hajo ta yi waje tana salati, takalmi ɗaya a ƙafa. Kumandan yana ta fal-fal a cinyar Baba yana watsa masa ruwa har gemu. Ni ina tsaye, riga a baibai, jini yana ɗiga daga hannu, zanen gadon 'yarsa a kafaɗata. Na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Baba bai ko motsa ba. Ya dubi kifin, ya dube ni. Sannan ya naɗe shi da gefen rigarsa, ya miƙe a hankali, ya kai shi bakin akwatin ya sake shi.

"Firigon naka da rai," ya ce.

Gwaggo ta leƙo daga bakin ƙofa, ta ga ba aljani ba ne, ta shigo. Ta matso tana duban ruwan, sai ta dafe ƙirji. "Yaya! Hwarantin Inna! Hwarantin Inna na cikin ruwan kihi!"

Na durƙusa. Ƙaryata ta ranar ta riga ta ƙare.

Baba ya daɗe a tsaye yana kallo. Kumandan, da faɗuwarsa da komai, ya koma kai tsaye kan farantin. Ya zagaya shi, ya tsaya a gefen Madam, ya buɗe ƙayoyin bayansa yana fuskantar Baba ta cikin gilashi.

"Mi shika yi hakan ga?"

Na ce, da kai a ƙasa, ƙwai ne a kan farantin. Uwar tana yi musu fifita, uban yana gadi. Ba ya matsawa ko'ina, ko abinci bai damu da shi ba, sai sun ƙyanƙyashe sun yi wayo.

"Uban bai zuwa ko'ina?"

"Bai zuwa, Baba."

"Ko ran Asabar?"

Na ƙura wa ƙasa ido.

"To Mushe, kihin ga ya hi ka," in ji Baba, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Shi an jehwa shi waje ya koma wurin ɗiyanai. Kai moto gare ka."

Cizon Kumandan bai kai wannan zafi ba. Gaskiya ce tsirara, kuma a gaban Gwaggo.

Gwaggo ta ce a ciro farantin yanzu-yanzu. Baba ya ɗaga mata hannu. "A'a. Ba a tada mai jego. Bar su su gama. Ran da kihinka ya gama wanka, ka wanko hwarantin tsohuwa ka kawo shi da hannunka, sannan mu yi zancen tamu mai jegon." Ya sa hularsa a kan jiƙaƙƙen kai, ya fita. Ruwan da ya roƙa ma bai sha ba.

Na zauna ina lissafi. Kafin ƙwai su fashe, 'ya'yan su yi wayo, an yi makonni. Ga arba'in ta kusa. Na hango Ummi a zuciyata tana rarrafe a Alela ba ta san fuskata ba, raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba wanda zan ɗora wa laifi.

Washegari da safe na leƙa akwatin. Farantin fes, ko ƙwai ɗaya babu. Ashe irin kifayen nan in aka firgita su, cinye ƙwansu suke yi. Kumandan yana yawo da ciki a cike, ko a jikinsa. Na sa ludayi mai dogon hannu na jawo farantin (na koyi darasi), na wanke shi da sabulu har sau ban san adadi ba, na naɗe shi a sabon tawul.

Ran Asabar na kama hanyar Alela, hannu a ɗaure da bandeji. Labari ya riga ni isa, Gwaggo ba ta yi ƙasa a gwiwa ba. Tun daga bakin gari matan da ke rijiya suke rufe baki da mayafi. Na sami Baba a zaure da dattawa biyu, na durƙusa na ajiye farantin a gabansa. Ya buɗe, ya juya shi, ya duba bakin zinariyar.

"Har sun gama? Ina ɗiyan?"

"Sun cinye su, Baba."

"Wa ya cinye?"

"Uban. Da uwar."

Ɗaya daga cikin dattawan ya kama tari. Baba ya shafa gemu, ya daɗe yana duban farantin, kafaɗunsa suna ɗan rawa.

"To," ya ce. "Ashe ka ɗan hi shi. Kai dai ba ka cinye taka ba." Ya juya wajen ƙofar cikin gida. "Hajo! Ku miƙo mashi ɗiyatai shi gani, kahin shi manta kamanninta."

Aka kawo mini Ummi. Ta yi nauyi, ta yi kumatu, ba jaririyar da na bari ranar suna ba. Ta ƙura mini ido irin kallon da ake yi wa baƙo, sannan ta kama yatsana, daidai gefen bandejin, ta riƙe gam. Ya yi zafi, ban janye ba. A nan ma na yi hawaye a gaban surukina, karo na biyu a mako ɗaya, wannan karon ban ce sanyi ba ne.

Bayan arba'in da 'yan kwanaki aka kawo Rabi. Ta shigo falo, ta tsaya gaban akwatin, suka kalli juna ita da Kumandan. Ta ce kifi zai iya zama, da sharaɗi biyu: kabet ɗinta ta sa masa kwaɗo, kuma firigon da Baba ya sa wa albarka sai ya shigo gidan nan, don albarkar mahaifinta ba za ta tafi a banza ba. Haka na sayi firigo na gaske, na sha shinkafa da mai har damina.

Abin da na koya kuwa, in za ka yi wa suruki ƙarya, ka tabbata ba ta da haƙora. In kuma Asabar ta zo, ka hau motonka ka je ka ga 'yarka, kada ka jira sai an auna ka da kifi an ce da kaɗan ka tsira.